Bangon Gidanmu

Ranar da Yaya ya yanki kunnen direban tasi, ni na kai auduga. Shagon askinsa da nawa na ɗinki a jere suke a ƙofar gidanmu, allon katako ne kawai ya raba mu, don haka ina kan keke na ji ihun mutumin. Na tarar da direban ya dafe kunne, jini na bin yatsunsa yana ɗiga a kan farin ƙyallen da aka ɗaura masa a wuya. Yaya kuwa yana tsaye da aska, ya zuba wa hannunsa ido kamar na aro.

"Haba Bango!" in ji direban. "Gashi na kawo maka, ba kunne ba. Kunnen ina da sauran aiki da shi."

So ya yi ya mai da abin wasa, don mutumin kirki ne, kuma tun Yaya bai yi aure ba yake masa aski. Yaya ya buɗe baki zai ba da haƙuri, maganar ta fito a dunƙule kamar ta wanda ya guntsi ruwa. Na danna auduga, na liƙa filasta, direban ya tashi da rabin gemu ya ce zai dawo a ƙarasa. A shagon bakin titi aka ƙarasa masa.

Da ya fita na ce, "Yaya, miƙo hannunka."

Ya miƙo. Yatsun suna rawa, 'yar ƙaramar rawa wadda sai ka kula. Ya yi maza ya tura hannun a aljihu, ya yi mini murmushin nan nasa mai sa mutum ya ji kunyar tambaya.

"Gajiya ce, Tela. Je ki, kar aikin mutane ya kwana."

Tela yake ce mini tun ranar da na fara taka keke. Ni kuwa na san gajiyar, na kuma san inda ake samo ta.

A bayan gidanmu akwai rumfar kwano. A ciki akwai fili da aka kewaye da igiya, da buhunan yashi a rataye, da ƙararrawa, da bokiti. Nan Baba yake koyar da dambe, irin na safar hannu. Shi ma tsohon ɗan dambe ne, hancinsa da ya baje ya isa shaida, sai dai kambu bai taɓa zuwa hannunsa ba, kuma abin ya tsaya masa a wuya har yau. Duk burinsa ya tattara ya ɗora a kan Auta, ƙaninmu. Yaya ma ya yi tashensa, ya ci wasanni har an fara zancensa. Sai Baba ya duba ya ce Auta ya fi shi ƙafa, shi kuma ya fi Auta jure duka, don haka a ajiye kowa inda ya fi amfani: Auta na fage, Yaya na rumfa. Tun daga nan duk yamma Yaya zai rufe shago ya zagaya baya, ya sa safa, ya tsaya ƙaninsa ya koyi duka a kansa. Baba ne ya laƙaba masa Bango, unguwa ta ɗauka.

Na ji ana cewa a wasu wuraren in 'yan dambe suna atisaye taɓa juna kawai suke yi, su adana ƙarfin sai ranar gasa. Baba ya ce wannan rawa ce, shi kuma ba makaɗi ba ne. A rumfarsa kowace yamma ranar gasa ce. Akwai hular kariya guda ɗaya, mai soso, da wani baƙo ya ba shi kyauta, tana rataye a ƙusa har zanzaro ya yi gini a ciki. Wanda ya faɗi a kwara masa ruwan bokiti ya tashi a ci gaba. Kuma Baba yana da karatun da yake biya wa duk sabon ɗalibi. Zai buɗe tafin hannunsa ya nuna.

"Ka ga wannan? Kanta ce. Ranar da ka fara aikin ƙarfi hannunka zai yi bororo, ka daure ya zama fata. To kai ma haka yake. A bar shi ya sha duka a gida ya yi kanta, ranar da aka je fage ba abin da zai ji."

Sai ka ga ɗalibai na gyaɗa kai, ga hujja a tafin hannu. Ba wanda ya taɓa tambayar me ya sa babu ɗalibin Baba ko ɗaya da ya kai shekara talatin yana hawa fage. Wani yana gadi a kasuwa yana magana shi kaɗai, wani idonsa guda ya mutu, saura sun watse. Baba ya ce rashin zuciya ne.

Yammar ranar kunnen direba na bar ɗinki na je na tsaya a bakin rumfa. Baba yana ɗaure wa Yaya safa yana maimaita dokar da shi kaɗai ta shafa.

"Jiki kawai, Bango. Fuskar Auta ba taka ba ce."

Auta kuwa an sakar masa mara, ko'ina ya ga dama. Aka buga ƙararrawa. Ban san dambe ba, amma na san ƙarar da katifa take yi in ana kakkaɓe ta da sanda, kuma ita na yi ta ji a kan yayana. Can ya durƙusa a gwiwa ɗaya. Aka kwara masa ruwa, ya miƙe, ya sake ɗaga hannu. Da can in aka same shi yakan yamutsa fuska. Yanzu ko ƙifta ido ba ya yi, kallo kawai yake, bakinsa a ɗan buɗe.

"Kun gani?" Baba ya juya ga ɗalibai yana washe baki. "Ko gezau. Kanta ta kama."

Raina ya ɓaci, na koma shago na warware wuyan rigar da na ɗinka a karkace.

Daga nan abin ya riƙa tafiya ƙasa. Masu aski suka janye ɗaya bayan ɗaya, ba tare da faɗa ba. Yaya ya sa labule mai kauri a tagar shagon, ya ce haske na sokar masa ido. Matarsa ta aike shi sayen sabulu a kantin da ke ƙarshen layi, sai mai kantin ne ya rako shi gida, ya ce ya gan shi a tsaye a mararraba yana juye-juye. Mutumin da ko kaza bai taɓa yi wa tsawa ba, wata safiya ya yi jifa da kofi don 'yarsa ta ƙwanƙwasa cokali a jikin faranti. Kofin ya fashe a bango kusa da kan yarinyar. Ya zauna ya yi ta kuka yana tambayar wa ya fasa. Matarsa ta kwashi 'yar ta tafi gidansu, ta ce sai ya warke. Ban ga laifinta ba.

Na sami Inna a kicin na ce, "Inna, dukan nan ne fa ke kashe shi."

Ta ci gaba da wanke tukunya ba ta ɗago ba. "Ke dai bakinki ba ya faɗin alheri. Hannun maƙiya ne. Gida mai tashe dole a sa masa ido. Na karɓo masa magani, yana sha."

"Maƙiyin yana bayan gida, Inna, da safa a hannu."

"Ubanku ya fi ku sanin dambe. Shi bai sha dukan ba? Ga shi nan garau." Ta ɗauraye tukunyar ta kife. "Kuma ni kar ki haɗa ni da shi."

Wannan ta ƙarshen ita ce gaskiyar, sauran duk ado ne.

Auta kuwa a bakin famfo na tare shi yana wanke fuska. Ba mugu ba ne, ni na goye shi, na sani. Amma wanda aka saba ba shi tsoka ba ya tambayar wa ya ci ƙashi.

"Yaya Tela, kina ganin daɗi nake ji? In na sassauta hannu Baba ni zai tsinka a gaban yara. Gasar kambu ta kusa. Ki bari in ci, wallahi asibitin da ya fi kowanne zan kai shi."

"In ka ci za su sayar maka da sabon kai a can?"

Ya share fuska, ya wuce. Na lura yana murza gefen goshinsa da babban yatsa, shi ma.

Abu guda ya rage wa Yaya da yake jira da ɗoki, shi ne askin Baba. Duk Asabar da hantsi yakan fito da kujera tsakar gida, ya ɗaura wa Baba ƙyalle, ya shafa kumfa, ya wasa aska a jikin fata. Baba ba ya yarda da inji, ya ce aska ce askin maza. Zai jingina ya ɗaga haɓa ya miƙa wuya, har barci yake yi, Yaya na bin maƙogwaronsa a hankali. A wannan sa'ar kaɗai nake jin Baba ya kira shi "babban ɗana". Asabar ɗin da ta biyo bayan fashewar kofi Yaya ya fito da kujera ya jira har rana ta take. Baba ya fita tun safe bai dawo ba. Yaya ya mai da kayansa ya ce wataƙila mantuwa ya yi.

Ranar Litinin na ce masa ya raka ni sayen zare, na zarce da shi asibiti. Likitar mace ce mai gilashi, ba ta da yawan magana. Ta sa ya taɓa hancinsa da yatsa ido a rufe, yatsan ya sauka a kumatu. Ta sa ya bi layin da ke ƙasa, ya kauce. Ta faɗa masa sunan abu uku ya riƙe, ta ɗan ja shi da hira, da ta tambaya sai ya yi mata murmushin nan. Aka ɗauki hoton kansa. Da muka koma ta tambaye shi sau nawa aka taɓa sumar da shi a gasa.

"Ko sau ɗaya," ya ce, har da ɗan alfahari. "Kuma na daɗe da barin gasa. Gwaji kawai nake taya ƙanena."

"Kullum?"

"Ban da Asabar."

Ta cire gilashin ta ajiye. "Yawancin waɗanda nake gani ba a fage suka bar lafiyarsu ba, a wajen gwaji suka bar ta. Gasa sau nawa ake yi a shekara? Gwaji kuwa kullum ne. Ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take zaune, duk dukan da ya sauka sai ta girgiza ta bugi ƙashi, ko mutum ya faɗi ko bai faɗi ba."

Na ce, "Babanmu ya ce kai kanta yake yi."

Ba ta yi dariya ba. "Fata ce ke yin kanta. Ƙwaƙwalwa ba ta yi, lissafi take ajiyewa. Abin da ya tafi ba lallai ya dawo ba, amma za mu iya tsare abin da ya saura. Sharaɗin guda ne: kada a ƙara taɓa kan nan. Ko sau ɗaya."

A hanya Yaya ya riƙe mini hannu don tsallaka titi, kamar yadda yake mini ina ƙarama, sai dai yanzu ni ce ke jan sa.

"Tela, kar ki gaya wa Baba."

"Sai na gaya masa."

"Auta na da gasa. Babu mai tsaya masa sai ni, yaran nan duk gudu suke." Ya daɗe yana neman sauran maganar kafin ya same ta. "Shago ba kowa. Ɗaki ba kowa. In na bar rumfa, me nake yi a gidan?"

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni.

Na sami Baba a rumfa yana ɗinke bakin buhun yashi. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa duk abin da likita ta ce, ban rage ba. Ya saurara har na gama, sannan ya yi tsaki.

"Likitar ta taɓa sa safa?"

"A'a, Baba."

"To. Su ai ko tuntuɓe ka yi sai sun ce ka kwanta. Ni na haife shi, ni na san nauyin da zai iya ɗauka. Cutarsa zan yi? Duk abin nan don wa ake yi? In Auta ya ci kambu ba gidan nan ne ya ci ba? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowa da abin da yake kawowa, ke zare, shi kai."

"Baba, ba ya gane hanyar kanti."

"Tun yana yaro shi mai mantuwa ne. Lafiyarsa ƙalau."

A nan na ɗaga ido na dube shi da kyau. Gemunsa a gyare tsaf, wuyansa sumul, an shafa masa hoda irin wadda Yaya ba ya amfani da ita.

"Baba, wa ya yi maka aski?"

Allurar ta tsaya a hannunsa. "Na bi ta bakin titi ne, na ga ba layi."

"Yaya ya jira ka ranar Asabar."

"Tashi ki ba ni wuri. Mace da bakin tsiya."

Na tashi. Amma daga ranar na daina yi wa Baba uzurin rashin sani. Ya ji labarin kunnen direba, ya auna, ya ga wuyansa ya fi ƙarfin hannun Yaya. Kan Yaya ne bai fi ƙarfin komai ba.

Baba yana da wata al'ada tasa: a gwajin ƙarshe kafin gasa dole Auta ya kai mutum ƙasa, wai don ya tafi fage da ɗanɗanon nasara a baki. Kowa ya san wanene mutumin. Ranar nan da safe na roƙi Yaya, na roƙi Inna, na ce da Auta in ya taɓa kan yayansa ban yafe goyon da na yi masa ba. Da na ga ba mai ji, na je na sauke hular kariyar daga ƙusa, na farfashe ginin zanzaro, na wanke ta na shanya. Da yamma na shiga rumfa da ita a gaban kowa na miƙa wa Yaya.

Ya karɓa da safofinsa biyu. Ya dube ta, ya dubi Baba.

Baba bai hana ba. Dariya kawai ya yi, ya ce, "Sa mana, Bango. In ka gama Tela ta ɗinka maka zani ya dace da ita."

Ɗalibai suka tuntsire. Yaya ma ya yi dariya, ya taka a hankali ya mai da hular kan ƙusarta.

Aka buga ƙararrawa. Da farko Auta ya riƙa kai wa kafaɗa da ciki, yana kauce wa kai. Baba ya gane.

"Kai Auta! Tausa na ce ka yi masa? Wancan da za ka gamu da shi tausa zai yi maka? Sama!"

Auta ya kai sama. Yaya ya tafi da baya ya faɗa kan igiya, ya zame ƙasa. Na yi ihu na ce ya isa, ai ya faɗi, an sami abin da ake so. Baba ya ce santsi ne, wannan ba faɗuwa ba ce. Aka kwara ruwa. Yaya ya dafa igiya ya miƙe, ya ɗaga hannu, amma ba wajen Auta yake kallo ba, ɗan gefe yake kallo.

"Ƙarasa!" in ji Baba.

Auta ya rufe ido ya ƙarasa, Yaya ya sake zubewa.

Wannan karon ma Yaya ya tashi da kansa, abin da Baba ya yi ta nanatawa daga baya ke nan. Ya tashi, ya fita daga igiya, ya zauna a benci aka cire masa safa. Sai ya ce, "Baba, wa ya kashe fitila?" alhali rana ba ta faɗi ba. Ya yi amai a kan ƙafarsa, ya kwanta a gefe, ya fara wani irin munshari.

"Barci ne," in ji Baba. "A bar shi ya huta. Mu ma mun yi irinsa."

Ban tsaya jin sauran ba. Na fita titi da gudu ba takalmi, motar farko da na tare ta direban nan ce, da tabonsa a kunne. Shi da Auta suka ɗauko Yaya. Duk hanya direban na danna ham yana cewa, "Riƙe shi, Tela, riƙe mini shi, akwai sauran rabin gemuna a wajensa."

Jini ne ya taru a cikin kan. Likitoci suka buɗe suka cire, suka ce da an bar shi ya huta kamar yadda aka so, da hutun ya zarce. Likitar mai gilashi ta gan ni a baranda, ta tsaya, ba ta ce ai na gaya muku ba. Kafaɗata kawai ta dafa ta wuce.

Auta ya je gasarsa, don Baba ya ce bakin alƙalami ya bushe, zama ba zai tashi mara lafiya ba. Kuma ya ci. Da ma a ce bai ci ba, Allah ya yafe mini, don cin nan ya zama wa Baba hujja. Auta ya kawo kambun asibiti ya ɗora a kan gadon yana kuka. Yaya ya shafa ƙarfen da hannun da yake motsi, ya ce, "Na waye?" Aka gaya masa, ya yi murna. Kafin Auta ya tafi ya sake tambaya, aka sake gaya masa, ya sake yin murna sabuwa fil.

Aka sallamo shi yana jan ƙafar dama, ga ɗinki ya zagaye rabin kansa, maganarsa sai wanda ya saba. Gida ya cika da mutane, rabi sun zo duba Yaya, rabi sun zo ganin kambu, kuma kambun ya fi samun baƙi. Inna tana gaya wa mata cewa maƙiya sun so su yi biyu Allah ya tsare ɗaya. Baba kuwa ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kambun a gefensa, yana ba maza labari. Wai santsi ne ya kwashe yaron ya bugu da benci. Wai ƙaddara ba ta sallama.

Ranar Asabar ce, da hantsi. Ina shanya a igiya ina jin su. Wani dattijo maƙwabcinmu ya ce, "To yanzu sai a bar shi ya huta da damben nan haka."

"Wa? Bango?" Baba ya yi dariya. "Ba ku san shi ba. Sau biyu ya faɗi sau biyu ya tashi da ƙafarsa. Lafiyarsa ƙalau, jiki ne kawai ya yi tsami. Da ya murmure zai koma rumfa a hankali. Kambu ci ne mai sauƙi, riƙewa ce aiki, kuma Auta ba ya sakewa da kowa sai shi."

Auta yana zaune a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, yana murza gefen goshi.

Sai muka ji ana jan abu a siminti. Yaya ne ya fito daga ɗaki, yana jan kujera da hannu ɗaya, yana jan ƙafa. Ya manta sunan 'yarsa, ya manta an yi masa aiki, amma bai manta Asabar ba. Farin ƙyallen yana kafaɗarsa. Ya ajiye kujerar a inda ya saba, ya koma ya ɗauko kwanon kumfa, rabi ya zube a hanya. Sannan ya zaro askar ya buɗe. Tsinin yana rawa a hannunsa, rana na walƙiya a jiki, kowa a tsakar gidan yana gani.

Ya yi wa Baba murmushi. "Baba... zauna."

Hannun Baba ya tafi wuyansa da kansa, ya shafa maƙogwaro.

"Bari sai an jima, Bango. Ka ga ina da baƙi."

"Ai baƙin ba sa sauri," in ji dattijon nan, a hankali.

Na ajiye rigar da ke hannuna. Na je na karɓi ƙyallen daga kafaɗar Yaya, na kakkaɓe shi, na tsaya a bayan kujerar na ware shi da hannu biyu. Ban taɓa yi wa mahaifina magana a gaban mutane ba, kuma ban ɗaga murya ba.

"Zauna mana, Baba. Ai lafiyarsa ƙalau."

Baba ya dube ni, ya dubi askar, ya dubi mutanen da ya gama ba labari. Mutumin da ya miƙa kan ɗansa ga duka shekara da shekaru ya kasa miƙa wuyansa na minti biyar. Ya tashi ya sa takalmi, ya ce akwai wanda yake jiransa a bakin titi, ya fita ya bar kambun a kan tabarma.

Yaya ya bi shi da kallo har ya ɓace. Sannan ya juyo gare ni, askar na rawa a hannunsa.

"Tela, laifi na yi masa?"